Neman shawara: yaya zan haɗa takardun nan su zama littafi kafin biki?

Maman 'Yan Biyu, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata za a aurar nan da sati uku, sai na zauna na kwafe mata girke-girke da haɗin turaren wuta na mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta. Takarda 40 ce A4, rubutun hannu, gaba da baya. Akwai kuma guda tara da Inna ta rubuta da hannunta da ajami, su ma ina so su shiga. Na gwada da wasu takardun banza tukuna: sitefila ta kasa hudawa, sufa gulu kuma ya sandare kamar ƙanzo, ina buɗewa ya dare, har yatsana ya like. Ba na son na roba mai zobe irin na 'yan makaranta. Da me zan yi a gida? Ina da allura, zare, kwali da ragowar atamfar anko.

Ɗalibi, Jami'ar Umaru Musa: Anti ki kai shagon hoto-kwafi su sa miki zoben nan mana, minti biyar an gama.

Maman 'Yan Biyu: Ƙanina ai shi na ce ba na so. Kayan amarya ne fa, ba handawut ba.

Malamar Firamare, Ƙofar Marusa: Wa alaikumus salam. Da a ce ninke takardun kika yi biyu kafin ki rubuta, da ɗinkin tsakiya ya ishe ki, irin na littafin rubutun yara. To naki falle-falle ne, don haka ɗinkin gefe za ki yi. Gam shi kaɗai ba lallai ya riƙe falle ba, yau ko gobe suna iya fara zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Ki jera su ki buga gefensu a tebur su daidaita, ki matse da abin shanya kaya sama da ƙasa. Ki samu wata takarda daban ki ja layi santimita ɗaya da rabi daga gefen hagu, ki ɗiga wuri biyar a kan layin, tazara daidai. Ita ce ma'auninki. Ki ɗora takarda goma-goma a kan katako, ma'aunin a sama, ki huda da ƙusa da guduma. Kada ki yi ƙyuya ki ce duka 40 lokaci guda, ƙusar karkacewa take yi, ramin ƙasa ya kauce wa na sama. Na sha yi wa littafin rajistar ajina, a nan na koya.

Zare ki yanko kamar mita ɗaya da rabi, tunda tsawon A4 ya kusa santimita 30. Ki goga shi a jikin kyandir ko kakin zuma don kada ya riƙa harɗewa. Ki fara daga ramin tsakiya, kowane rami kika fito ki zagayo da zaren ta bayan littafin ki sake shiga ramin nan kafin ki wuce na gaba. Idan kin kai ƙarshe ki zagayo ta kai, ki dawo kina cike gurbin da kika tsallake, ki wuce ɗaya ƙarshen ki yi masa haka, har ki haɗu da bakin zaren da kika bari a tsakiya, ki ƙulle. Mutanen Japan da irin wannan ɗinkin suka daɗe suna haɗa littattafansu, su rami huɗu suka fi yi.

Maman 'Yan Biyu: Malama Allah ya saka. Sai dai yanzu na auna, filin da na bari a gefe bai wuce faɗin yatsa ɗaya ba. Kuma na bayan takardar fa?

Malamar Firamare: Nan ne matsalar. Shafin baya ta damansa ɗinkin zai ci. Ki yi hoto-kwafi, ki ce su rage girman rubutun kaɗan su bar fili ta gefen ɗinki, gaba da baya. Ko ki liƙa wa kowane falle siririyar takarda a gefe ki huda ta nan, amma 40 aiki ne, kuma bayan zai yi tudu.

Tela, Bakin Kasuwa: Hajiya zaren keke ba zai yi ba, yanka takarda yake. Ki karɓi na shumeka, ko ki riɓa naki huɗu ki sa a basilla. Batun bango kuma, idan kika ɗinke kwali mai tauri haka nan, littafin ba zai buɗu ba. Ki yanke siriri mai faɗin santimita biyu daga kwalin gaba, ki ajiye su gefe da gefe a kan atamfar da ɗan rata kamar kaurin fensir. Ratar nan ita ce gwiwar da zai riƙa lanƙwasawa. Top Bond na kafintoci za ki shafa, siriri, a jikin kwalin ba a jikin yadin ba, in ba haka ba ya ɓullo ta gaba ya yi tabo. Ciki ma ki liƙa farar takarda, don kwali in ya sha gam ta fuska ɗaya bauɗewa yake, balle yanzu da hunturu. Ki danne da jarkar ruwa ya kwana.

Wata daga Daura: Mu da kullun fulawa muke liƙa irin wannan, ba ko sisi.

Tela: Yana kamawa, amma kyankyasai kin yi musu walima.

Baba Malam, Unguwar Gobarau: 'Yata, duk abin da suka faɗa ki yi shi a kan naki rubutun. Amma guda taran nan na mahaifiyarki kada ƙusa ta taɓa su. Na farko ajami daga dama ake buɗe shi, in kika ɗinke ta hagu kin juya shi. Na biyu, rami in ya shiga baƙi ba ya dawowa. Alƙur'anan da muka gada na hannu ba a ɗinke suke ba: warƙa-warƙa ne a tsakanin tadarishi, wato bango biyu masu tauri, a naɗe da igiyar fata, a sa cikin gafaka. Ki yanka kwali biyu su ɗan ɗara takardun, ki lulluɓe da atamfarki, ki ɗaure da tsirkiya ko igiya. In kina son na fata, dukawa suna yi. Amarya ki ba ta kwafi.

Maman 'Yan Biyu: Baba na ji, na kuma karɓa. Dama zuciyata ba ta kwanta da huda su ba.

Maman 'Yan Biyu, bayan kwana huɗu: Na gama jiya da daddare. Rami na huɗu ya ɗan karkace amma atamfa ta rufa asiri. Na Inna suna cikin kwalinsu a ƙasan akwatina. Yanzu yayarmu ta gani ta ce sai na yi mata nata, Malam tela nawa ake sayar da ƙaramar robar gam ɗin nan? Tawa ta maƙwabci na ara.