Koya wa yara yin aiki tare a rukunin aji

Malamai da iyayen da suka tattauna wannan batu sun yi ittifaƙi a kan cewa tara yara a tebur ɗaya ba ya mayar da su abokan aiki, sai an koya musu sauraron juna kamar yadda ake koya musu karatu da lissafi.

Shawarar da aka fi nanatawa ita ce malami ya ɗauki ɗabi'a guda, kamar jiran mai magana ya kai aya kafin a amsa masa, ya gwada ta a gaban aji, sannan ya bar yara su yi ta maimaita ta har ta zauna musu kafin ya ƙara wata. An kuma ce a koya musu kalaman nuna saɓani cikin ladabi, irin su "Ni ina ganin akwai wata hanya." A ganina wannan ya fi komai amfani, domin sau da yawa yaron da ke daka tsawa ya rasa abin da zai faɗa ne kawai.

Kada rukuni ya wuce yara 3 ko 4, kuma a riƙa juya ayyuka, kamar rubutu da lura da lokaci, don kada mai baki ya danne mai kunya. Wasu sun yaba tsarin da masanin halayyar ɗan Adam Elliot Aronson ya fara a Amurka a 1971, inda ake ba kowane yaro ɓangare ɗaya na darasi ya koya wa 'yan rukuninsa.

Batun maki ne aka rabu a kansa, amma mafi yawa sun fi son a duba ƙoƙarin kowane yaro daban tare da aikin rukuni.