Neman Shawara: An Buge Maigidana a Gidan Dambe, Ya Ƙi Ajiye Zare

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, don Allah a ɓoye sunana. A Gusau nake zaune. Maigidana ɗan dambe ne, cikin manya masu jiki, shekararsa 41, kuma tun yana ɗan 17 yake ɗaura zare. Da damben nan ya gina gidan da muke ciki, da shi ya aurar da ƙannensa mata biyu, don haka ban taɓa raina sana'arsa ba.

Sati uku da suka wuce aka haɗa shi da wani yaro da bai wuce 24 ba. Ni ba na zuwa gidan dambe, a waya ƙanena ya nuna min. Wallahi ba dambe aka yi ba, duka ne kawai. Turmin farko ko sau ɗaya bai kai hannu ba, yaron yana zagaya shi yana sauke masa. A turmi na biyu ya same shi a gefen kunne, ya zube, sai da aka kwara masa ruwa ya farfaɗo. Kisa na huɗu ke nan da aka yi masa cikin shekara biyu, mutumin da ya yi shekaru ba a ga gwiwarsa a ƙasa ba.

Tun daga ranar ciwon kai bai sake shi ba, kullum sai ya aika kemis. Yakan tambaye ni abu ɗaya sau uku. Hannunsa yana rawa in ya ɗauki kofin shayi, ga saurin fushi da yara, abin da ba halinsa ba ne. Duk da haka ya karɓi kafin alƙalami, za a sake haɗa su da yaron nan da sati biyar. Cewa yake asiri aka yi masa, yanzu laya yake nema. Da na yi magana ya ce mace ba ta san dambe ba. Yaranmu biyar. Ta ina zan ɓullo masa?

Ma'aikacin jinya, Gusau:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki ajiye maganar barin dambe tukuna, asibiti ne farko, kuma cikin satin nan. Wanda ya suma saboda duka a kai, sati uku ciwon kai bai tafi ba, ga mantuwa, jini yana iya taruwa a hankali tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai, mutum yana yawonsa har sai ya danne ta. Hoton CT, wato hoton cikin kai da ake ɗauka da na'ura a asibiti, shi ne yake nunawa. Ku fara da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke nan Gusau, in abin ya buƙaci likitan tiyatar ƙwaƙwalwa za a tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato. In kin ga amai, ko barci mai nauyi da wuyar tashi, ko sashen jiki ɗaya ya saki, ko farfaɗiya, kada ku jira gari ya waye. Ki kuma duba abin da yake sha. Aspirin da ibuprofen suna iya ƙara zubar jini, tramadol kuwa rufe ciwon kawai yake yi. A damben zamani wanda aka sumar, dole a dakatar da shi na makonni, ba ya komawa sai likita ya sa hannu. Mu nan ruwa ake kwara masa a ce ya warke, shi ne abin da yake ci min rai.

Ɗan Kaura:
Allah ya ba shi lafiya. Amma ni ina ganin a bar shi ya rama ko sau ɗaya ne, ya fita da mutuncinsa. George Foreman yana da shekara 45 ya buge Michael Moorer a 1994 ya karɓi kambun duniya. Tsufa ba ya hana ƙarfin hannu.

Mai bibiyar damben zamani, Talata Mafara:
Ɗan Kaura, ɗan uwa, ka kawo Foreman amma ka bar rabin labarin. Shekara 10 ya yi a gida ba ya shan duka, daga 1977 zuwa 1987, sannan ya dawo. Wannan bawan Allah kuwa shekara 24 yana karɓar hannu ba hutu, kuma hannun da aka naɗe da igiya, ba safar dambe mai laushi ba.

Wanda ya fi kama da shi Muhammad Ali ne. Tun 1977 likitansa Ferdie Pacheco ya ce ya daina, da aka ƙi ji sai ya bar tafiyar. A Oktoban 1980, Ali yana da shekara 38, aka haɗa shi da Larry Holmes a Las Vegas, yaron da ya taɓa zama abokin atisayensa. Ali bai ci zagaye ko ɗaya ba, tsayuwa kawai yake yana shan duka, har mai horar da shi Angelo Dundee ya tsayar da wasan bayan zagaye na 10. Holmes da ya yi nasara sai da ya yi hawaye. Me ya biyo baya? Wannan maganar dai ta "bari in rama in fita da mutunci". Ya sake shiga da Trevor Berbick a Bahamas a Disamban 1981, ya sake faɗuwa. A 1984 aka tabbatar yana da cutar karkarwar jiki ta Parkinson, da ita ya rayu har rasuwarsa a 2016.

Mun kuma ga Deontay Wilder, wanda dambensa ya fi kama da namu tunda hannun dama ɗaya ya dogara da shi. A Disamban 2023 a Riyad, Joseph Parker ya juya shi zagaye 12, hannun nan ya ƙi fita. Bai fi wata shida ba ya dawo, Zhilei Zhang na ƙasar Sin ya kwantar da shi a zagaye na 5. Hajiya ta ce turmin farko bai kai hannu ba. Alamar ke nan. Ƙarfin yana nan, saurin ne ya tafi, shi kuwa ba ya dawowa.

Tsohon ɗan dambe, Bakura:
Ɗiyata, Allah shi yi maki albarka da kika tsaya ma mijinki. Ni na yi dambe hiye da shekara ashirin, na kashe, an kashe ni. Batun asiri duk munka yi shi, ba wanda aka buge ya ce ƙahwata ta yi nauyi. Gaskiyar ita ce ido shina ganin hannu na zuwa, jiki ba ya kaucewa.

Abin da mutane ba su sani ba, ba kuɗi kaɗai ka riƙe ɗan dambe ba. Kalangu ne. In makaɗi ya kama takenka, jama'a sunka tashi, ko ƙashinka ya karye sai ka ji kamar kai ɗan ashirin ne. Tsoron mijinki shi ne ranar da za shi shiga gari ba mai nuna shi. Don haka kada ki ce mai ya tsuhwa, kada ki nuna mai hoton wasan nan. Ki nemi ubangidanshi na dambe, wanda ya hwara ɗaura mai zare. Mu a wurinmu in ubangida ya ce kwance, ba gardama. Shi za ya tara manyan ɓangarensu, ko Arewa ne ko Kudu ko Guramaɗa, a sa rana a yi mai ajo, a yi mai kiɗa, shi yi kirari, a tara mai abin sana'a. Daga nan shi riƙe yara suna amsa sunan shagonshi, ko shi koma alƙalancin wasa. Wanda anka yi ma haka ya sauka da girmanshi. Ni ba a yi min ba, sai da kunnena na hagu ya mutu sannan na bari.

Maman 'Yan Biyu, Birnin Kebbi:
'Yar uwa, na ji miki wallahi. Kada ki ɗauki wannan kaya ke kaɗai, gobe a ce ke kika karya masa sana'a. In mahaifiyarsa tana raye ki je ki durƙusa ki faɗa mata duk abin da kika rubuta nan, har rawar hannun. Sannan kuɗin da ya karɓa, ki bincika nawa ne. Sau da yawa kunyar mayarwa ce take sa namiji ya dage. In da adashi ko 'yar dabba, a rufa a mayar ta hannun yayansa, ba ta hannunki ba.

Malamin Islamiyya, Tsafe:
A tuna masa cikin lallashi cewa Annabi (SAW) ya ce jikinka yana da haƙƙi a kanka, iyalinka ma suna da haƙƙi a kanka. Neman magani ba ya rage tawakkali. Allah ya ba shi lafiya.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na Bakura, maganarka ta sa ni kuka. Jiya da la'asar na je wurin Inna, ashe ita ma ta lura harshensa ya yi nauyi, ta yi shiru ne don kada ta tayar min da hankali. Ta kira shi da dare. Maganar barin dambe bai amsa ba, kansa kawai ya sunkuyar, amma ya yarda yayansa ya raka shi asibiti ranar Litinin. Na kwashe magungunan kemis ɗin zan ba su su nuna wa likita. Ubangidansa yana wani ƙauye ta wajen Bungudu, ƙanena zai je ranar Juma'a in hanya ta yi lafiya. Ku sa mu a addu'a.