Ta tuna sadakinta, ta manta ta ci tuwon dare

Maman Khalifa, Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Lamarin Hajiyarmu ne ke damuna, na ce bari in ji ko akwai wanda ya ga irinsa a gidansu. Ta haura shekara tamanin. Jiya bayan isha'i na kai mata tuwon masara da miyar kuka, ta ci, ta wanke hannu, na kwashe kwanuka. Ko minti ashirin ba a yi ba sai ga kira: "Ke, yau ba za a ba ni abinci ba ne?" Amma wannan baiwar Allah, ka taɓo mata zancen aurenta, sai ta lissafa maka sadakinta fam kaza da sule kaza, da sunan alwankar da ta yi mata wanka, da kalar zanen da ta ɗaura. Har gobe da sule take lissafi, alhali tun Janairun 1973 aka koma naira da kwabo. Shin tsufa ne kawai, ko ciwo ne?

Tsohon Hedimasta, Zariya:
Wa alaikumus salam 'yata. Ni bari in ba da labarin kaina, don na shiga layin. Shekarata 67. Abin da ya fara guduwa sunaye ne. In haɗu da mutum a masallaci, na san fuskarsa, na san gidansu, na ma san ni na koya masa lissafi a aji biyar, amma sunan ya maƙale a bakin harshe. Sai mun rabu, ina cikin alwalar la'asar, ya faɗo da kansa. Tabarau kuwa kada ma a yi magana, na taɓa tayar da gida nemansa yana saman goshina.

Amma ki tambaye ni ranar da aka kashe Murtala, 13 ga Fabrairun 1976. Juma'a ce, ina makarantar horon malamai, har inda nake tsaye lokacin da na ji a rediyo ina gani a idona. Bambancina da Hajiyarku shi ne ni na san na yi mantuwa, kuma in an tuna mini ina tunawa.

Anti Nas:
Baba Hedimasta ya taɓo wurin. Na yi shekaru ina jinyar tsofaffi, kuma da wannan muke fara rarrabewa. Ka manta inda ka ajiye makulli, wannan na kowa ne. Ka riƙe makullin kana tambayar mene ne amfaninsa, ko ka ɓata a layin da ka shekara arba'in kana bi, wannan kuma ya wuce tsufa.

Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira hifokamfas, aikinsa karɓar sabon abu ya ajiye. Yana ɗan raguwa da shekaru ko ga mai lafiya, kuma yana cikin wuraren da cutar mantuwa ta Alzheimer ke fara ci. Shi ya sa tuwon ɗazu ba ya zama, don tun farko bai shiga rumbun ba, labarin sadaki kuwa ya daɗe a ajiye, an kuma maimaita shi sau ɗari. Sunan cutar na wani likitan Jamus ne, Alois Alzheimer, da ya bayyana ta a 1906.

Maman Khalifa, don Allah ku kai ta a duba. Mutanenmu da sun ce "gigin tsufa" shi ke nan an rufe magana, kuma wannan yana ba ni haushi. Hawan jini da ciwon suga da ƙananan shanyewar jiki da ba a lura da su ba duk suna taɓa tunani. Haka rashin ji sosai, da damuwa, da wasu magungunan barci.

Abban Sadiq, Gusau:
Anti Nas kin tuna mini. Mahaifinmu ya shekara fiye da goma yana shan metformin saboda suga. Sai ya fara rikicewa, ga ƙafafu suna masa kamar ana tsira allura. Asibitin farko da muka je ko hawan jininsa ba a auna ba, aka ce tsufa ne, mu je mu yi haƙuri. A na biyu aka ɗebi jini, ashe sinadarin B12 ne ya yi ƙasa, likitan ya ce maganin kan jawo haka in an daɗe ana sha. Aka sa shi a allurai. Ba zan ce ya koma kamar da ba, amma ya dawo yana karɓar kuɗin haya da kansa, kuma ba a cutarsa ko naira ɗaya.

Alaramma Mai Allo:
Allah Ya faɗa a Suratun Nahli, aya ta 70, cewa a cikinmu akwai wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Allah Ya kyautata ƙarshenmu.

Malamina da na yi hadda a wurinsa, a ƙarshen rayuwarsa ba ya gane ni. In na gaishe shi sai ya ce "Daga ina?" Amma in na zauna kusa da buzunsa na ja baƙi da gangan na yi kure, ko na tsallake aya, nan take zai ɗaga yatsa ya gyara mini, ido a rufe. Har wasulla. Na sha fita daga ɗakin nan ina share hawaye. Ni kaina yanzu, abin da na haddace ina ɗan shekara goma sha biyu yana nan daram, amma in ɗauki sabon baiti in haddace, sai na kwana uku, kuma in ban yi tilawarsa ba ya tafi.

Hadiza, Damagaram:
Namu ya zo da wani salo. Babanmu tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi aiki tun zamanin Shugaba Kunce na Nijar, Faransanci a bakinsa kamar ruwa. Da abin ya yi nisa sai Faransancin ya zube, Hausar ma ta fara raguwa, ya koma Barbarci, harshen mahaifiyarsa, wanda mu 'ya'yansa ba mu taɓa jin ya yi ba. Dole muka ɗauko wata gwaggonmu daga ƙauye ta zama tafinta tsakaninmu da ubanmu.

Ɗan Zongo, Kumasi:
Ku da kuke kai su asibiti kun gode Allah. Wata tsohuwa a unguwarmu ta riƙa fita cikin dare, a tsince ta a ƙofar gidan mutane tana kiran sunayen matattu. Kafin ka ce kwabo an fara raɗa wai mayya ce. A arewacin ƙasarmu Ghana, irin su Gambaga, har sansani ake da shi na matan da aka kora daga garuruwansu da wannan zargi. Limaminmu ne ya tsaya tsayin daka, aka sa wa ƙofarta sakata ta sama, jikokinta suka riƙa kwana da ita.

Tela Mai Singa:
Kakata ba ta san yau wace rana ba ce, amma miƙa mata auduga da mazari ka ga kaɗi.

Maman Khalifa, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na yi magana da Yaya, ranar Litinin za mu kai ta, zan kuma tafi da ledar magungunanta duka a gani. Anti Nas, saura tambaya ɗaya. Kwanan nan da magariba takan ce a kai wa mijinta Malam ruwan alwala, shi kuwa shekararsa tara da rasuwa. Ranar farko na ce mata ai ya rasu, ta yi kuka kamar yanzu aka aiko mata. Washegari ta sake tambaya.

Anti Nas:
Kada ki sake sanar da ita, 'yar'uwa, kullum sabuwar ta'aziyya za ki ɗora mata. Ba sai kin yi ƙarya ba. Ki ce, "Hajiya, Malam kike tunawa? Wai da wace buta yake alwala?" Za ta ɗauki labarin da kanta. Maganar tuwo kuma, ki daina kwashe kwanon da wuri, ki bar shi gabanta da ɗan saura a ciki.