A agaza da kalma kafin Laraba: "kumburin ƙwaƙwalwa" ya ƙi zauna min

Ma'aikaciyar Lafiya, Gwaram: Assalamu alaikum. Jibi Laraba zan shiga Dutse ɗaukar shirin lafiya na rediyo, minti 15 aka ba ni. Labarin wata mai bincike zan bayar, a birnin Porto na ƙasar Fotugal take aiki, ta daɗe tana bin diddigin abin da bitamin C ke yi a ƙwaƙwalwa. Na zaɓe ta ne don 'yan matanmu su ji mace ma na irin wannan aiki.

Ga abin da ita da abokan aikinta suka buga a 2017. Cikin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu tsaro, maikurogiliya. A jikinsu akwai wata 'yar ƙofa, SVCT2, ta nan bitamin C ke shiga. Idan ƙofofin suka ragu, bitamin ɗin ya yi ƙaranci a cikinsu, sai su tashi tsaye su yi ta fitar da sinadaran da ke iya lahanta ƙwayoyin jijiya na kusa da su. Wannan halin ne Turawa ke kira niyuro-infilameshan.

Na rubuta "kumburin ƙwaƙwalwa". Ɗazu na karanta wa Inna tana tankaɗe, sai ta ajiye rariya ta ce, "Wayyo, kan ne zai yi ƙato kamar na jaririn nan da aka kai Kano?" Nan na san da sauran aiki.

Malamin Kimiyya, Ringim: Wa alaikumus salam. Kumburi kowa ke cewa, har gidajen rediyon ƙetare. Ki bar shi haka, ki ƙara bayani.

Mai Kemis, Kiyawa: Zafin ƙwaƙwalwa fa?

Malamin Kimiyya, Ringim: Zafin kai za a ji. Kowace mata ta ce ai mijinta ne.

Nas, Sumaila: Yaya, Inna ta fi mu gaskiya. A makaranta alamu huɗu aka koya mana na infilameshan: ja, zafi, kumburi, ciwo. Kumburi ɗaya ne cikin huɗu, mu muka ɗora masa kayan sauran. A ɗan yatsa ba laifi, kakkare ya kama ka kowa ya ga kumburi. Amma wannan da kike magana a hankali yake ci, kai ba ya girma, sau da yawa ko zazzaɓi babu. Abin da na fi tsoro, kina cewa kumburi a kai mutanenmu sanƙarau za su ji, ga shi zafi ya kunno, kuma duk wanda ya ga annobar 1996 bai manta ba. Sanƙarau kuwa mayafin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka yake kamawa, a kwana ɗaya sai ya kayar da mutum. Kada a haɗa su.

Baba Malam, Gumel: 'Yata, kalmarki ita ce RURUWA. Ruruwar ƙwaƙwalwa. Ita ta Turancin daga Latin ta fito, asalinta kunna wuta. Larabawa suka ce iltihabi, daga lahab, harshen wuta. Mu ma muna da wutarmu. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da Hausa, kuma tun ina aji nake cewa ruruwa, ba wanda ya saurara. Ruruwar huhu, ruruwar hanta, ruruwar gaɓoɓi, duk ta shige.

Sannan mene ne "bitamin C"? Mene ne "maikurogiliya"? Turanci ne kuka sa wa hula. A ce sinadarin tsami.

Mai Kemis, Kiyawa: Allah ya gafarta Malam, a nan kam ban bi ka ba. Aka ce tsami, gobe kowa ya jiƙa tsamiya ya ce ya sha magani, ita kuwa ba ta da shi sai ɗan kaɗan. Nunanniyar gwaiba ba tsami gare ta ba, amma ta ninka lemo kusan sau huɗu. Tattasai ma ya fi lemo. Kuma a shagona tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba takan miƙo kuɗi a ƙullin zane ta ce a ba ta bitamin si, fari ko mai ruwan lemo. Kalmar ta riga ta yi gida.

Baba Malam, Gumel: Ta yi gida don kun buɗe mata zaure. Haka kuka yi da "rikodin" da "caji", kuna ta kwaso na birni kuna jibge mana.

Ɗalibi, Rano: Baba, da girman kujerarka, "lafiya" daga ina ta zo? "Kalma" fa? "Ƙamus"? Asibiti da likita kuma ai na Bature ne. In na Larabci ne sai a ce ado, in na Turanci ne a ce ɓata harshe.

Baba Malam, Gumel: Yaro, waɗancan sun shekara ɗaruruwa a bakin kakanninka har suka narke. Naku ko tafasa bai yi ba.

Malamin Islamiyya, Jahun: To tunda an ambace ta, iltihabi ai ta wadatar. Masu maganin Musulunci na faɗinta.

Ɗalibi, Rano: Ka gani ba.

Malamin Kimiyya, Ringim: A rubuta wa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero su yanke, aikinsu ne.

Ma'aikaciyar Lafiya, Gwaram: Jama'a, Laraba fa na ce. Baba, na gwada ruruwa a kan Inna. Ta ce, "Me ke ruruwa, ciwon ne ya yi tsanani?" Wato ita ta ji ciwo ya ƙaru ne, ba ta ji sunan wani hali ba. Amma ta fi kumburi kusa, ban musa ba.

Nas, Sumaila: Bari in zo ta wata hanya. Mu fara sa wa ƙwayoyin suna, sauran zai biyo. Wani likita ɗan Sifaniya, Río Hortega, shi ya bayyana su a 1919. Aikinsu sintiri: su kwashe matattun ƙwayoyi, su kama baƙon da ya shigo. 'Yan banga ke nan. Kowa a ƙauye ya san ɗan banga, ya san amfaninsa ranar da ɓarawon akuya ya shigo, ya kuma san abin da ke faruwa in suka harzuƙa, har mai akuyar sai ya sha gora. To ki ce harzuƙar 'yan bangar ƙwaƙwalwa.

Mai Kemis, Kiyawa: Wannan ta yi! Sai dai 'yan bangar siyasa za su faɗo wa wasu a rai. A ce masu gadi.

Baba Malam, Gumel: Wannan ba kalma ba ce, tatsuniya ce. Ɗalibi zai rubuta ta a jarrabawa? Kalma uku a madadin ɗaya.

Malamin Kimiyya, Ringim: Tunda an kawo akuya, ga abin da za ki saka a shirin, yarana na son sa. Akuya da kanta take haɗa bitamin C a hantarta, ɗan Adam ba ya iyawa, dole sai ya ci. Kuma ƙwaƙwalwa na cikin sassan jikin da suka fi tara shi, ko ya yi ƙaranci a jini ita takan riƙe nata ta daɗe. Ki kuma gaya musu dogon dahuwa na kashe shi. Garin 'ya'yan kuka da ake damawa a nono na da shi sosai.

Nas, Sumaila: Amma don Allah ki faɗa da babbar murya: a ƙwayoyin da aka rena a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye aka ga sakamakon binciken nan na Porto. Ba a ce gwaiba na warkar da ciwon mantuwa ko shanyewar ɓarin jiki ba. In ba haka ba ranar kasuwar Gwaram za ki ji mai lasifika na tallar garin magani da muryarki.

Ma'aikaciyar Lafiya, Gwaram: Na rubuta, na ja layi biyu. Ita matar ta Porto fa, "likitar ƙwaƙwalwa"?

Ɗalibi, Rano: A'a, za a ce ta asibitin masu taɓin hankali na Dawanau ce ko na Kazaure. Mai binciken ƙwaƙwalwa.

Ma'aikaciyar Lafiya, Gwaram: Shi ke nan. Ga yadda zan faɗa: "harzuƙar masu gadin ƙwaƙwalwa, abin da wasu ke kira kumburin ƙwaƙwalwa, amma ba kumburin da ido ke gani ba, kuma ba sanƙarau ba ne." Daga nan sai in riƙa cewa harzuƙa kawai. Bitamin C na nan yadda yake, Baba a yi haƙuri. Zan ce, "idan abin ya daɗe yana ruruwa", ka ga taka ma ta shiga.

Baba Malam, Gumel: Ta shiga a matsayin aikatau, ni suna na ba ki. Allah ya ba da sa'a dai. Ƙarfe nawa ake sa shirin? Zan saurara, kuma da biro a hannuna.

Malamin Kimiyya, Ringim: To ni a allo me zan rubuta wa 'yan aji shida, in darasin na huhu ne ba na ƙwaƙwalwa ba? Harzuƙar masu gadin huhu?

Baba Malam, Gumel: Ruruwa.