Na kai kwamfutata gyara, an goge min komai. Ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, jiya ko runtsawa ban yi ba. Na kai kwamfutata wani shago a nan Kano saboda ta daina kama caji. Mai gyaran ya ce in ba shi lambar sirri don ya gwada, na ba shi. Da na karɓo na kunna, sai na tarar ya saka sabuwar Windows bai tambaye ni ba. Furojet ɗina na shekarar ƙarshe, babi huɗu, babu. Hotunan bikin yayata, wasu ma ba mayafi, babu, kuma ban san ko ya kwashe su ba. RAM ɗin, wato ma'ajiyar wucin gadi da ke sa kwamfuta sauri, 8GB ne, yanzu 4 nake gani. Da na koma sai cewa ya yi, "Ai Hajiya ba ki ce kina da abu a ciki ba."

Wani mai gyara:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kashe ta yanzu, kada ki saka komai a ciki. Abin da aka goge yakan zauna a faifan har sai wani ya hau kansa. In tsohon faifai ne mai juyawa, akwai sa rai a dawo da wani abu. In SSD ne, wato faifan zamani marar juyawa, gaskiya da wuya. Sana'ata ce, kuma ina gaya miki matsalar caji ba ta buƙatar lambar sirri, balle sabuwar Windows. Kunya ta kama ni wallahi.

Wani malami:
Baiwar Allah, kayanki amana ne a hannunsa. A Risala, Ibn Abi Zaid ya ce masu sana'a suna lamunin abin da aka bar musu, ko da lada suka yi aikin ko kyauta. Ba ke za ki ce "kar ka goge" ba, shi ne zai nemi izini. RAM kuwa dole ya dawo da shi.

Wata lauya:
Ki fara da shugabannin kasuwar da shagon yake, sun fi saurin sulhu. Ki je da rasit da kwalin kwamfutar in akwai. In ya ƙi, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Batun hotuna kuma, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafe shi, ana kai ƙara hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Ki sa ya rubuta ya sa hannu cewa bai riƙe komai naki ba. Yau ɗin nan ki canza lambobin sirrin imel da Facebook da na banki.

Wata ɗaliba:
Duba WhatsApp da imel, ko kin taɓa tura wa malamin da ke duba aikinki.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Na samu babi biyu a imel, alhamdu lillahi. Na kashe ta, gobe da safe yayana zai raka ni ofishin 'yan kasuwar.