Fili a kan tsohon kududdufi, a yi gwajin ƙasa ko a wuce kawai?

Abban Khadija: Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Na sayi fili a nan cikin Kano ina so in ɗora bene hawa ɗaya, sai jiya wani dattijo a layin yake ce min ai wurin tsohon kududdufi ne aka cike. Birkilana ya ce ba komai, a ƙara rodi kawai. Ya kuke gani?

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Wallahi yaya kar ka yarda. Gidan da muka yi haya haka aka yi shi, damina biyu kacal bango ya tsage daga taga har ƙasa, tsagar har yatsana yana shiga, ƙofar ɗaki ta daina rufuwa sai an ɗaga ta, in ana ruwan dare ba na iya barci saboda yara

Injiniya: Alhaji, rodi kankare yake riƙewa, ba ya hana ƙasa zama. Yawancin kududdufan nan da shara da leda da ɓaraguzai aka cike su, sharar tana ruɓewa a hankali, wani gefen ya fi wani nutsewa, shi ke tsaga gini. A fara haƙa ramuka biyu ko uku a wurare daban-daban a filin, kamar mita 2 zuwa 3, a ga me ke fitowa. In har lokacin baƙar ƙasa mai wari da leda ake ta kwasowa ba a tarar da ƙasar asali ba, to sai an kawo injin haƙa irin na burtsatse a ɗebo ƙasar daga zurfi a kai ɗakin gwaji. Takardar da za su ba ka ita za ta faɗi nauyin da ƙasar ke iya ɗauka da inda ruwa yake, daga nan ake sanin fandisho na gama-gari ne, ko a zuba kankare shimfiɗe gaba ɗaya, ko sai an kafa ginshiƙai har ƙasa mai ƙarfi.

Baffa Numan: Mu nan tamu matsalar baƙar laka ce, da damina ta kumbura, da rani ta dare har ƙafa na faɗawa. Kwashe ta muke yi a cike da jangargari, kuma ba a juye tifa a baje kawai ba, kaɗan-kaɗan ake zubawa ana yayyafa ruwa ana daddaɓewa.

Abban Khadija: To Injiniya ina ake wannan gwajin? kuɗin nake ji

Malam Auwal: Ka leƙa sashen injiniyan gine-gine na BUK ka tambaya, akwai kuma kamfanoni masu zaman kansu. Duk wanda zai sa hannu a takardar ka nemi lambarsa ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma ka yi kafin ka kai zane KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, kar a zo ana canza fandisho daga baya.

Injiniya: Kuɗin ya danganta da zurfi da yawan ramuka, amma bai kama ƙafar abin da za ka kashe wajen zuba dakin ɗin benen ba. In da hali a duba wajen Agusta ko Satumba lokacin da ruwan ƙasa ya hau, da rani ramin zai nuna maka a bushe.

Maman Hanif: Ka kuma duba bangon maƙwabta, ka tambayi masu rijiya a layin a gaba nawa suka samu ruwa

Abban Khadija: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ce wa birkila ya dakata da kawo bulo, gobe bayan la'asar zan koma wurin dattijon ya nuna min iyakar inda kududdufin ya tsaya.