Alƙaluman korona na Zariya: me ya sa suke tsalle, kuma wanne ne abin dogara?

Ɗalibar lafiyar al'umma, Samaru:

Assalamu alaikum malamaina. An ba mu aikin nazarin yadda korona ta bazu a Zariya da Sabon Gari daga 2020 zuwa ƙarshen 2021, kuma alƙaluman sun ɗaure mini kai. Sai a yi kwanaki ba a sanar da kowa ba, rana ɗaya kuma a zubo mutane da yawa, washegari a koma shiru. Shin cutar ce take tafiya haka, ko lissafin ne? Sannan idan wata annobar numfashi ta sake ɓullowa, Allah Ya kiyaye, me jami'in lafiya na gunduma zai riƙa dubawa don ya gane tana ƙaruwa tun kafin a sanar daga Abuja? Allah Ya saka da alheri.

Jami'in sa ido, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam Malama. Lissafin ne. Cuta ba ta hutun ƙarshen mako, ɗakin gwaji da ofis ne suke yi.

Kowane mai korona yana da ranaku huɗu a takarda: ranar da ya fara jin ciwo, ranar da aka ɗauki samfurinsa, ranar da sakamako ya fito, da ranar da aka sanar. Abin da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta riƙa fitarwa kullum da dare a lokacin ranar sanarwa yake bi. Idan sinadarin gwaji ya yanke, ko samfura suka taru suna jiran motar da za ta kai su, ko mai shigar da bayanai a SORMAS, manhajar rahoton cututtuka, ya rasa intanet, sai aikin kwana biyar ya fito a dare ɗaya. Ki nemi jerin sunayen marasa lafiya, wato fom 001C na IDSR, tsarin sa ido kan cututtuka, ki sake jera su bisa ranar fara ciwo. Tsallen nan zai kwanta, ki ga tudu mai hawa da sauka a kowane zagayen cutar. Wanda bai nuna alama ba, ki sa masa ranar ɗaukar samfur, amma ki yi masa wata alama daban don kada su cakuɗe. In ranar sanarwa kaɗai kika samu, ki haɗa na kwana 7 ki raba gida 7, kullum kina matsawa gaba da kwana ɗaya. Kuma kada ki yarda da kwanaki 7 zuwa 10 na ƙarshen kowane zane da aka yi a tsakiyar annoba: kullum sai su nuna kamar abin na sauka, alhali rahotanninsu ne ba su gama isowa ba.

Matsala ta biyu ta Zariya ce musamman. A bakin mutane Zariya ɗaya ce, a takarda kuwa ƙananan hukumomi uku ne suka haɗu. Birni da Tudun Wada da Gyallesu suna Zariya, Samaru da Hanwa da Muciya suna Sabon Gari, asibitin koyarwa na Shika kuma yana ƙasar Giwa. Ƙa'ida ita ce a rubuta mutum a inda yake kwana. Amma fom ya kan zo da adireshi "Zariya" kawai, ko a rubuta garin da asibitin yake. Mutumin Soba ko Maƙarfi ko Funtuwa da aka kawo babban asibiti sai ya shiga lissafin wurin da aka gwada shi. Kafin ki ce gunduma kaza ta fi kamuwa, ki duba layi-layi: ƙaramar hukuma, gunduma, unguwa, da wata shaida kamar masallaci ko makarantar da ke kusa. Ki kuma tace maimaici. Mutum ɗaya ya kan fito sau biyu, Muhammad a wannan fom, Mamman a wancan, ko gwajin sallama ya shiga a matsayin sabon kamu. Lambar waya da shekaru da unguwa su ne suke tona wannan.

Game da hanyar rahoto: asibiti ya ga wanda ake zargi, ya sanar da jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, wanda muke kira DSNO, cikin awa 24 da fom 001A. Fom 001B yana bin samfur zuwa ɗakin gwaji. Rahoton mako shi ne 002, na wata 003. Daga DSNO sai ofishin masanin annoba na jiha a Kaduna, daga nan sai NCDC. Asibitin da bai ga kowa ba dole ya aiko da sifili. Gurbin da aka bari fayau ba sifili ba ne, rahoto ne da bai zo ba, kuma ɗalibai da yawa a nan suke zamewa. In ƙasa da kashi 80 cikin 100 na asibitoci ne suka aiko a wani mako, ki rubuta hakan a ƙarƙashin zanen.

Abu ɗaya na tarihi da zai taimake ki: ki ware waɗanda aka shigo da su daga waɗanda suka kamu a gida. Mutum na farko da aka tabbatar a jihar Kaduna shi ne gwamna na lokacin, Malam Nasiru El-Rufai, ranar 28 ga Maris 2020, wata guda bayan na farko a ƙasa da aka samu a Legas ranar 27 ga Fabrairu. A ƙarshen Afrilu da farkon Mayu adadin jihar ya yi tsalle saboda almajiran da aka dawo da su daga Kano, aka gwada su a rukuni a inda aka killace su. Wannan tsallen ba ya nuna yaɗuwa a unguwanni.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje, Sabon Gari:

Yallaɓai ya gama da takarda, bari in ƙara na kwalba. Adadin waɗanda aka tabbatar ba shi da ma'ana sai an san mutum nawa aka gwada. A ce a mako ɗaya an gwada 40 an samu 10, a wani makon an gwada 400 an samu 20. Na biyu ya fi yawa a ido, amma na farko kashi 25 ne, na biyu kashi 5. Na farkon ne abin tsoro, don yana nuna masu tsananin ciwo kaɗai ake kamawa, sauran suna gari. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a Mayun 2020 shi ne kason ya tsaya ƙasa da 5 cikin 100 na tsawon mako biyu kafin a ce an fara shawo kan abin. Sai dai ki raba su gida-gida: masu alama da suka zo asibiti, waɗanda suka yi mu'amala da mai cutar, da matafiya masu neman takardar fita waje. Matafiya lafiyarsu ƙalau, in aka zuba su cikin lissafi sai su tsinka kason kamar an ƙara wa kunu ruwa.

Sakamakon "babu" na ƙarya kuwa yawanci tun kafin samfur ya iso ake haifar da shi. Tsinken audugar hanci sai ya shiga a miƙe, yana bin ƙasan hanci ta wajen kunne, har ya taɓo can baya, a juya shi a bar shi 'yan daƙiƙoƙi. Mai ɗauka in ya ji tausayi ya tsaya a bakin hanci, majina kawai ya kwaso. Tsinke mai kan auduga ta gaske da sandar itace ba ya yi, yana hana injin PCR, mai gano ƙwayar cutar a samfur, aiki; na roba ake so. A karya shi cikin kwalbar ruwan adana ƙwayar cuta, a rufe gam, a rubuta lamba a jikin kwalbar, ba a murfi ba. Marufi uku: kwalba, leda ko gwangwani mai abin tsotse ruwa, sannan akwatin sanyi. Sanyin ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, ya isa ɗakin gwaji cikin kwana 3. In zai wuce haka sai firiza mai digiri 70 ƙasa da sifili, kuma narkewa da sake daskarewa yana lalata samfur. A zafin Maris da Afrilu na Zariya, ƙanƙarar akwatin da aka ɗora a babur ba ta kai la'asar in ana yawan buɗewa.

Lokaci ma yana da nasa. Wanda aka gwada kwana ɗaya ko biyu bayan ya zauna da mai cutar zai iya fitowa babu alhali ya ɗauka. Gwajin gaggawa na antijen ya fi kamawa a kwana 5 zuwa 7 na farkon ciwo, kuma a karanta shi a mintunan da kamfani ya rubuta, galibi 15 zuwa 30. Layin da ya fito bayan awa ɗaya ba sakamako ba ne. In cutar ta yi ƙaranci a gari, shi ma yana da tarko. Ɗauki mafi ƙarancin ingancin da aka yarda da shi, kama kashi 80 na masu cutar da wanke kashi 97 na marasa ita. A gwada mutum 1,000 da 10 ne kawai suke ɗauke da ita: zai kama 8 na gaskiya, ya ɗora wa kusan 30 na ƙarya. Shi ya sa a irin wannan lokaci ake tabbatarwa da PCR.

Ɗalibar lafiyar al'umma, Samaru:

Na gode ƙwarai, Yallaɓai da Anti. To in gwajin kansa bai wadata ba, kamar a farkon 2020, da me za a gane?

Likitan ƙirji, Zariya:

'Yata, da gadon asibiti da maƙabarta. Ina girmama aikin fom, amma a garin da mafi yawan masu zazzaɓi kemis suke fara zuwa, fom ɗin asibiti kan kama wutsiya ne kawai.

A asibiti a buɗe rajista ɗaya ta masu ciwon numfashi mai tsanani. Ma'anarsa a tsaye take: zazzaɓin da ya kai digiri 38 ko labarinsa, da tari, ciwon ya fara cikin kwana 10, kuma ya kai ga kwanciya. A rubuta shekaru, unguwa, ranar fara ciwo, hawan jini ko ciwon suga, da awon iskar jini na ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa. Ƙasa da 90, ko numfashi sama da 30 a minti ga babba, mai tsanani ne. Lalle mai duhu da yatsa mai sanyi suna ɓata awon, a gwada wani yatsan ko a ɗumama hannun. Tukunyar iskar oksijin nawa aka ƙarar a mako ita ma shaida ce, kuma mai kula da sito ba ya mantuwa da ita.

Wahalar ita ce yanayi. Zagaye na biyu a Nijeriya ya zo Disamba 2020 zuwa Janairu 2021, na nau'in Omicron kuma Disamba 2021, duka a tsakiyar hunturu, lokacin da kowane gida yake da mai mura da tari. Na nau'in Delta ya faɗo daminar 2021, tare da zazzaɓin cizon sauro. Don haka yawan tari shi kaɗai ba ya cewa komai. A kwatanta makon da irinsa na shekaru 2 ko 3 da suka wuce, sannan a dubi shekarun marasa lafiya. Hunturun da aka saba, yara ƙanana da masu asma ne suke cika ɗaki. In aka ga 'yan sama da 50 suna zuwa da ƙarancin iska, ko ma'aikatan ɗaki ɗaya biyu ko uku sun kwanta a mako guda, wani abu ne sabo. Kuma samun maleriya a gwajin yatsa ba ya wanke mutum daga korona. A damina mutane da yawa suna yawo da ƙwayar maleriya a jini ba ita ta kwantar da su ba.

Maƙabarta kuwa darasin Kano ne. A Afrilun 2020 masu haƙar kabari ne suka fara cewa gawa ta yi yawa, tun kafin alƙaluman gwaji su nuna komai. Da aka bi gida-gida ana tambayar iyalai yadda mamatan suka yi jinya, ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce mai yiwuwa rabi ko fiye na mace-macen suna da alaƙa da korona. A wurinmu ana rufe mamaci cikin sa'o'i, yawanci ba takardar shaidar mutuwa, don haka ba inda zai shiga lissafi sai an je an ƙirga. Littafi ɗaya a hannun mai kula da kowace babbar maƙabarta ya isa: rana, babba ko yaro, namiji ko mace, unguwa. A bi ta hannun hakimi da masu unguwanni da limamai, in ba haka ba za a ɗauka ana shirin hana jana'iza ne, a rufe baki. A tuna mutuwa tana biyo bayan kamuwa da mako 2 zuwa 4, saboda haka kaburbura suna ba da labarin watan jiya ne.

Jami'in sa ido, Tudun Wada:

Likita, ranka ya daɗe, ban musa ba, sai dai in muka jira maƙabarta mun makara da wata guda. Abin da ya fi saurin nunawa shi ne masu kemis da bin sawu. Tsarin masu kawo rahoto daga unguwa da aka gina don shan inna yana nan: ungozoma, wanzamai, masu maganin gargajiya, masu kemis. A zaɓi kemis 3 zuwa 5 masu ciniki a kowace gunduma, kowace Litinin su faɗi manya nawa suka zo da zazzaɓi da tari, da nawa suka ce sun daina jin ƙamshi ko ɗanɗano. Tambaya biyu kawai, in ta yi yawa za su daina ɗaga waya.

A bin sawu, Malama, a lokacin korona ana lissafa duk wanda ya zauna da mai cutar a tazarar mita 1 na minti 15 ko fiye, farawa daga kwana 2 kafin ya fara ciwo, a bi shi kwana 14. A gidan gado na cikin birni mai sassa da yawa, kada a tsaya a ɗakinsa: zaure ɗaya, buta ɗaya, kwano ɗaya, sahu ɗaya a masallacin ƙofar gida. Mai gida da ya ba da suna uku kacal bai gama faɗa ba, a koma a tambayi uwargida daban. Lambar da za ki fitar daga nan ita ce: cikin sababbin kamu na wannan mako, nawa ne dama suna cikin jerin waɗanda ake bi? In mafi yawansu suna ciki, ana gaban cutar. In mafi yawansu daga sama suka faɗo, ba wanda ya san inda suka ɗauka, to ta shiga gari, kuma daga nan ƙarfin ma'aikata ya fi amfani a kan gano tsofaffi da masu ciwon suga da wuri fiye da cika fom ɗin bin sawu. A jerin 001C ki ƙara gurbi ɗaya na "yana cikin waɗanda ake bi: e ko a'a", ki lissafa shi mako-mako tare da zanen ranar fara ciwo.